Haɗa awon lesa da awon hoto wajen siffanta gine-ginen birni

Taswirar da aka saba gani tana nuna inda gini ya zauna da girman filin da ya ci, amma ba ta faɗin tsayinsa, ko karkatar rufinsa, ko inda tagoginsa suke fuskanta. Ga shi kuwa waɗannan ake buƙata idan za a lissafa ranar da rufi yake sha kafin a ɗora masa farantan sola, ko iyakar inda ƙarar babban titi take kaiwa, ko inuwar da sabon bene zai yi wa maƙwabta, ko hanyar da ruwan sama zai bi in ya sauko. Wannan ya sa birane da dama suke gina samfurinsu a cikin kwamfuta, kowane gini da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa. Manyan hanyoyin samo awon da ake wannan aiki da shi guda biyu ne. Ɗaya ita ce awon lesa, wanda aka fi sani da LiDAR, inda na'ura take harba haske ta auna nisan abin da ya faɗa a kai. Ɗayar ita ce awon hoto, wato fitar da siffar abu daga hotunan da aka ɗauke shi ta ɓangarori daban-daban. Kowacce tana iya tsayawa da ƙafarta, kuma kowacce tana da inda take gazawa. Abin da ya sa ake haɗa su shi ne, galibi ba a wuri ɗaya suke gazawa ba.

Awon hoto ne babba a shekaru. Tun wajen 1850 wani hafsan sojan Faransa, Aimé Laussedat, ya fara gwada fitar da taswira daga hotuna. A Jamus kuwa, Albrecht Meydenbauer ya kusa faɗowa daga sama a 1858 yana auna babban cocin garin Wetzlar da hannu, sai ya koma neman yadda za a auna gini daga hotonsa ba tare da an hau shi ba. A 1885 aka kafa cibiyar da ya shugabanta a Barlin domin adana awon gine-ginen tarihi ta wannan hanya. Tushen lissafin bai canja ba har yau. Duk ɗigon da ya fito a hoto yana kan miƙaƙƙen layi ɗaya da tsakiyar gilashin kyamara da kuma ainihin wurin da aka ɗauka. Hoto guda yana ba da wannan layi, amma ba ya faɗin nisa. In aka sake samun wurin a hoto na biyu da aka ɗauka daga wani matsayi, layukan biyu za su haɗu, mahaɗarsu kuwa ita ce wurin. Shi ya sa jirgin safiyo yake ɗaukar hotuna masu hawa kan juna. A da ana hawa kashi 60 cikin 100 ta gaba da kashi 30 ta gefe. Yanzu a birane akan kai kashi 80 ta gaba da 60 ko fiye ta gefe, don kowane lungu ya fito a hotuna da yawa.

Shekaru masu yawa mutum ne yake zama gaban na'ura mai ido biyu yana bin kusurwoyin rufi ɗaya bayan ɗaya. Lamarin ya sauya da kwamfuta ta fara gane wuri ɗaya a hotuna mabambanta da kanta. Dabarar SIFT ta David Lowe, wadda ya fara bayyanawa a 1999, ta sauƙaƙa tsinto alamomin da ake ɗaure hoto da hoto, har a lissafo inda kyamara take da inda ta kalla a kowace ɗauka. A 2005 Heiko Hirschmüller na cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ya kawo hanyar da take neman abokin kusan kowace ƙwayar hoto a hoton da ke kusa da shi. Daga nan hoto ya fara ba da tarin ɗigo mai yawan gaske, kowane ɗigo da matsayinsa da launinsa.

Lesa ta zo daga baya. Theodore Maiman ya kunna ta farko a Kalifoniya a 1960, kuma a 1971 kumbon Apollo 15 ya auna tuddan wata da ita, amma ba ta zama kayan aikin safiyo daga jirgi ba sai a shekarun 1990, bayan GPS ya kankama kuma aka sami na'urorin da suke bin karkatar jirgi daidai. Aikinta awon lokaci ne. Haske yana cin kusan santimita 30 a kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, saboda haka idan jirgi yana mita 1,000 a sama, harbin yakan je ya dawo a cikin kimanin kashi bakwai cikin miliyan na sakan. Madubi mai juyawa yana watsa harbin dama da hagu, tafiyar jirgi tana kai shi gaba, na'urorin yau kuma suna harbi dubu ɗaruruwa zuwa miliyoyi a kowane sakan. Ana ɗora irin wannan na'ura a jirgi, ko a jirgi marar matuƙi, ko a saman mota mai bin tituna, ko a kan ƙafa uku a gaban gini. Awon sama yana ganin rufi da kyau, bango kuwa sai dai ya shafe shi a kaikaice. Na mota da na ƙafa uku suna ganin fuskar gini, ba sa ganin rufi ko bayan gida.

Ƙarfin lesa yana wajen nisa. Harbi ɗaya ya isa ya ba da ɗigo, ba ta buƙatar ganin wuri sau biyu. Ba ruwanta da hasken rana tunda da nata hasken take aiki, saboda haka inuwar dogon bene ba ta ɓoye mata komai, kuma tana iya aiki da dare. Farin bango sumul ko rufin kankare marar wata alama, wanda yake rikita awon hoto domin kwamfuta ba ta samun abin kamawa, ita a wurinta daidai yake da kowane wuri. Sannan harbi guda yana iya dawowa fiye da sau ɗaya: wani ɓangare daga ganyen bishiya, wani daga reshe, na ƙarshe daga rufin da ke ƙarƙashi. Wannan ne yake ba ta damar leƙa abin da bishiya ta rufe ta ratar ganyaye, abin da hoto ba ya iyawa.

Rauninta yana bakin abu. Lesa ba ta zaɓen inda za ta faɗa. Ɗigonta yana sauka ne inda madubi ya jefa shi, da wuya ya dace da kusurwar gini ko leɓen rufi. Bayanan gwaji na garin Vaihingen da ke kusa da Stuttgart, waɗanda ƙungiyar ISPRS ta raba wa masu bincike don a gwada dabaru a kan abu ɗaya, suna nuna girman bambancin. Awon lesar yana da kimanin ɗigo 4 a kowane murabba'in mita, wato tazarar rabin mita tsakanin ɗigo da ɗigo. Hotunan kuwa kowace ƙwaya tana ɗauke da santimita 8 na ƙasa, wato fiye da ƙwaya 150 a murabba'in mitar nan. A wurin lesa, bakin rufi yana iya kasancewa ko'ina a cikin rabin mitar da ke tsakanin ɗigon ƙarshe na sama da ɗigon farko na ƙasa. A hoto kuwa layi ne da ake gani ƙarara. Na'urorin yau sun fi waɗancan yawan ɗigo nesa ba kusa ba, amma matsalar ba ta gushe ba, domin harbin kansa yana da kauri: daga mita 1,000 yakan isa ƙasa da faɗin santimita 20 zuwa 30. In rabinsa ya faɗa kan rufi rabi ya wuce, wani lokaci ɗigon yakan fito a rataye tsakanin sama da ƙasa, inda babu komai. Gilashi ma abokin gabarta ne: ko haske ya ratsa ya auno cikin ɗaki, ko ya karkace ya auno ginin da ke tsallaken titi ya ajiye shi a bayan tagar. Ruwa kuwa yakan shanye irin hasken da ake amfani da shi a awon ƙasa. Kuma lesa ba ta san launi ba, sai dai ƙarfin hasken da ya dawo.

Hoto yana da nasa ciwon. Ya fi daidai a kwance, wato gabas da yamma, kudu da arewa, fiye da a tsaye, kuma awon tsayinsa yana raguwa da inganci in tazarar da ke tsakanin ɗauka biyu ta yi ƙanƙanta a kan nisan jirgi daga ƙasa. Dole wuri ya fito a hoto biyu aƙalla, abin da yake wuya a titi mai ƙunci. Bene mai mita 30, in aka kalle shi da karkatar digiri 20 daga tsaye, yana ɓoye kusan mita 11 na ƙasar da ke bayansa. Abu mai maimaita kansa, irin su jerin tagogi masu kama ɗaya ko layukan kwanon rufi, yana sa kwamfuta ta ɗaura wannan da wancan bisa kuskure. Hoto kuma bai san girma ba sai an gaya masa, ko ta alamomin ƙasa da aka auna, ko ta GPS ɗin da ke jikin kyamara.

Kafin a ci amfanin ɗaya don toshe raunin ɗayan, sai an zaunar da su a kan ma'auni guda, kuma a nan ne mafi yawan aikin yake cin nasara ko ya lalace. Kuskure ƙarami a jirgi yana girma kafin ya iso ƙasa. In kusurwar da ke tsakanin na'urar lesa da na'urar bin karkata ta kauce da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, ɗigo zai gusa da kimanin santimita 17 daga tsayin mita 1,000. In agogon kyamara da na GPS suka saɓa da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, jirgin da yake gudun mita 60 a sakan ya riga ya wuce da santimita 6. Motar da take bin titi tsakanin dogayen benaye ta fi shan wahala, domin benayen suna tare siginar taurarin ɗan Adam ko su mayar da ita a karkace. Sakamakon irin waɗannan kura-kurai ana ganinsa da ido: launin bango ya zubo kan titi, shuɗin sama ya manne a leɓen rufi, bango ɗaya ya fito biyu.

Hanyar da aka fi sani ta daidaita tarin ɗigo biyu ita ce ICP, wadda Paul Besl da Neil McKay suka bayyana a 1992. Ana nemo wa kowane ɗigo mafi kusa da shi a ɗaya tarin, a gusa a juya don rage tazarar, a sake nema, a yi ta maimaitawa har abin ya tsaya. Tana aiki in tun farko tarin biyu suna kusa da juna kuma sun ga abu ɗaya. Tsakanin awon sama da na ƙasa kuwa abin da suka gani tare kaɗan ne: fuskar titi, leɓen rufi, wani sashe na bango. Tsakanin lesa da hoto kuma da wuya a sami ɗigo guda da za a ce shi ne wannan a nan, shi ne wancan a can. Saboda haka masana suka koma ɗaure su da layi da shafi. Inda shafukan rufi biyu suka haɗu a tarin lesa akwai layin doron rufi, wanda ake iya lissafa shi daidai ko da babu ɗigon da ya faɗa a kansa, kuma layin nan yana fitowa a hoto. Hanyar da ta fi ƙarfi ita ce a jefa hotunan da layukan tafiyar lesa cikin lissafi ɗaya, a gyara hanyar jirgin sau ɗaya domin su duka. Wannan ya fi sauƙi tun da aka fara ƙera na'urori masu haɗe da kyamarori da lesa a jiki ɗaya, irin CityMapper da kamfanin Leica ya fitar a 2016, mai kyamara ɗaya tana kallon ƙasa tsaye da wasu suna kallon gefe a karkace don su kamo bangaye.

Haɗawar kanta mataki-mataki ce, kuma ba kowane abin da ake kira haɗawa ne ya cancanci sunan ba. Mafi sauƙi shi ne a ɗauki kowane ɗigon lesa a mayar da shi cikin hoto a ɗebo masa launi. Abin yana da kyan gani kuma yana taimaka wa mai dubawa, amma siffar ginin ba ta ƙaru da komai ba. Bakin rufin da lesa ta kasa kamawa yana nan yadda yake. Ko a wannan mataki sai an kula, domin ɗigon da ke bayan bishiya zai ɗauki koren ganye in ba a bincika ko kyamara ta gan shi da gaske ba. Mataki na biyu shi ne rarrabewa. Lesa tana cewa ga abu mai tsayi a nan, amma bishiya da gini duka masu tsayi ne. Kyamara mai ɗaukar hasken da ke gab da ja, wanda ido ba ya gani, tana fayyace ganye mai rai sarai, sai a ware shi. Akasin haka ma yana faruwa: a hoto rufin kankare da farfajiyar kankare launinsu ɗaya, tsayi ne yake raba su. Norbert Haala da Claus Brenner na Jami'ar Stuttgart sun nuna amfanin wannan tun ƙarshen shekarun 1990. Mataki na uku, wanda shi ne haɗawa ta haƙiƙa, shi ne kowane sashe na gini a ɗauko shi daga wanda ya fi saninsa: karkata da tsayin shafin rufi daga lesa, iyakarsa da kusurwoyinsa daga hoto, taga da ƙofa daga hoton ƙasa tare da zurfin da lesar ƙasa ta auna. Zuba tarin ɗigo biyu wuri ɗaya ba tare da an ba kowanne nauyin da ya dace da shi ba yakan ɓata mai kyau da marar kyau, musamman da yake ɗigon hoto ya fi yawa kuma ya fi watsuwa, sai ya danne na lesa da yawansa.

Daga tarin ɗigo zuwa gini akwai hanya biyu. Ta farko tana bin abin da awo ya nuna. Ana tsinto shafuka a cikin ɗigogin, sau da yawa da dabarar RANSAC ta Martin Fischler da Robert Bolles ta 1981, wadda take ɗaukar ɗigo uku a kan dace, ta shimfiɗa shafi a kansu, ta ƙirga ɗigogin da suka yarda da shi, ta maimaita har ta sami wanda ya fi magoya baya. Daga nan a haɗa shafukan a fitar da rufi. Tana kama rufi kowane iri, amma inda awo ya yi giɓi samfurin ma yakan yi giɓi. Hanya ta biyu tana da ajiyar siffofin rufi da aka riga aka sani, shimfiɗaɗɗe, mai gangare biyu, mai gangare huɗu, sai ta zaɓi wanda ya fi dacewa ta gyara masa awo. Sakamakonta tsaf yake fitowa a rufe ba ɓaraka, sai dai in ginin ba ya cikin ajiyar za ta tilasta masa siffar da ba tasa ba. Yawancin manhajojin da ake aiki da su suna cakuɗa biyun.

Yawan bayanin da ake so a samfuri shi ma an tsara shi. Ƙa'idar CityGML, wadda ƙungiyar OGC ta amince da ita a 2008 kuma aka sabunta a 2012 da 2021, ta kasa shi hawa-hawa. A hawa na ɗaya gini akwati ne kawai mai shimfiɗaɗɗen sama. A na biyu yana da ainihin siffar rufinsa. A na uku ana ganin tagogi da ƙofofi da baranda. Lesar jirgi tare da taswirar harsashi sun isa hawa na biyu. Ƙasar Holan ce babbar shaida: tun daga shekarun 1990 take maimaita awon lesa na ƙasar baki ɗaya a shirin AHN, kuma masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Delft suka haɗa shi da rajistar gine-gine suka fitar da 3D BAG, samfurin gine-gine kimanin miliyan 10 da kwamfuta ta gina da kanta, kowa yana iya saukewa kyauta. Amma bangayen da ke cikinsa an sauko da su ne kawai daga rufi zuwa ƙasa, babu taga babu ƙofa. Hawa na uku ba ya samuwa sai an sauko titi. Christian Früh da Avideh Zakhor sun gwada hakan a farkon shekarun 2000 a tsakiyar garin Berkeley na Amurka: suka ɗora na'urorin lesa biyu da kyamara a kan mota, ɗaya tana yankan bango a tsaye, ɗaya a kwance don bin tafiyar motar, sannan suka yi amfani da awon sama wajen gyara kaucewar hanya da kuma ɗora rufi a kan bangayen. Har yau wannan hawa na uku yana cin hannun mutum sosai in ana son ya fito daidai a faɗin birni.

Akwai kuma wani nau'in samfuri dabam, wato raga ta ƙananan alwatika miliyoyi da aka liƙa wa hotuna, irin wadda ake gani a Google Earth. Ita kamar mayafi ce da aka lulluɓa wa gari: tana nuna tudu da kwarin duk abin da ke ƙarƙashi, amma ba ta san wanne ne gida, wanne ne bishiya, wanne ne motar da aka ajiye ba. Ba za a tambaye ta faɗin rufin da ke fuskantar kudu ta amsa ba. Birnin Helsinki na Finlan ya ga cewa ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya, sai ya ajiye duka biyu, raga don kallo da nuna wa jama'a, samfurin CityGML don lissafi. Wannan shawara ce mai kyau, domin kyan hoto yakan ruɗi masu ba da kwangila su ɗauka cewa abin da ya yi kama da gaskiya an auna shi daidai. Sababbin dabarun koyon na'ura da suke fitar da siffa mai ban sha'awa daga hotuna kaɗai sun ƙara wa wannan ruɗi ƙarfi.

Gine-ginen tarihi su ne inda aka fi ganin darajar haɗawar. Andrew Tallon, malamin tarihin gine-gine a kwalejin Vassar ta Amurka, ya auna cocin Notre-Dame na Faris da lesa, ya tara ɗigo fiye da biliyan ɗaya, yana ɗaukar hoton kewaye a duk inda ya kafa na'urar. Ya rasu a 2018. Da gobara ta ci rufin cocin ranar 15 ga Afrilu, 2019, masu bincike suka ɗauki siffar duwatsun wani bakan gini da ya rushe ta hanyar awon hoto, suka gwada su da tarin ɗigon Tallon don gano inda kowanne yake a da. An sake buɗe cocin a Disambar 2024. A Afirka, shirin Zamani na Jami'ar Cape Town, wanda Heinz Rüther ya kafa, ya bi wannan hanya ta lesa da hoto wajen adana awon cocinan Lalibela na Habasha, da kangon Kilwa na Tanzaniya, da masallatan ƙasa na Jenne da Tumbutu a Mali.

Ginin ƙasa yana fito da wata matsala da ba kasafai ake kula da ita ba. Wajen ɗaukar awo ba shi da wahala: yaɓe ba ya ƙyalli, yana mayar da hasken lesa da kyau, kuma sawun hannun magini yana ba kwamfuta abin kamawa a hoto. Wahalar tana wajen fitar da siffa. Dabarun da aka ambata an gina su ne a kan gine-ginen Turai, inda ake ɗauka cewa bango a miƙe yake tsaye, kusurwa digiri 90 ce, rufi kuma shafuka ne masu gangare. Soron Hausa ba haka yake ba. Bangonsa yana da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, kusurwarsa a lanƙwashe take, rufinsa na iya zama tulluwa, ga zankaye a saman kusurwoyi, ga indararo ya leƙo, ga zanen da aka tayar a fuskar zaure irin na Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram. Manhajar da take neman shafi miƙaƙƙe za ta ɗauki zanko da indararo a matsayin kuskuren awo ta share su, ta miƙar da bangon, ta bar akwati. Haka za ta yi wa hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27 da itatuwan da suka fito daga jikinta. A irin wannan gini raga mai bin awo ce ta fi gaskiya, sannan mutum ya bi ta da hannu yana sa wa kowane sashe sunansa. Tunda kuma ana sabunta yaɓe, kamar yadda mutanen Jenne suke yi wa masallacinsu duk shekara, fuskar da aka auna bana ba ita ce ta baɗi ba, saboda haka ranar ɗauka tana cikin awon. A tsofaffin unguwanni masu lunguna da gidaje manne da juna akwai ƙarin tambaya: ina gida ɗaya ya ƙare, ina na gaba ya fara? Lesa da hoto ba sa amsa wannan, sai takardun fili da bakin mazauna. Hazon hunturu yana dushe hoto, sabon kwanon rufi kuma yana ƙyalli ya makantar da kyamara ya karkatar da lesa, saboda haka lokacin tashin jirgi da tsayin rana abin shiryawa ne tun farko.

Bambancin lokaci yana damun kowane birni. In lesar ta shekara biyu da suka wuce ce, hoton kuma na bana, duk ginin da aka rushe ko aka ɗora wa bene a tsakani zai fito da siffar da da launin yanzu. Wannan saɓani, in an kula da shi, shi ne kuma hanya mafi arha ta gano abin da ya canja, domin inda tsayin sabon hoto ya bar tsayin tsohuwar lesa, can ne ya kamata a sake aunawa. Lesar jirgi tana da tsada kuma ba a maimaita ta kowace shekara, hoto kuwa ya fi araha, musamman da jirgi marar matuƙi, saboda haka tsarin da ya fi dacewa da birni mai ƙarancin kuɗi shi ne a yi lesa sau ɗaya a matsayin tushe, a riƙa sabuntawa da hoto.

Tantance inganci yana buƙatar alamomin ƙasa da aka auna dabam waɗanda ba su shiga lissafin daidaitawa ba, kuma a faɗi kuskuren kwance dabam da na tsaye. A duba kuma gine-gine nawa aka tsallake, nawa aka ƙirƙira inda babu su, da ko kowane samfuri a rufe yake ta kowane gefe, domin ginin da yake da ɓaraka tsakanin bango da rufi ba a iya lissafa cikinsa. Ya kamata kowane shafi ya ɗauki bayanin asalinsa: auna shi aka yi, ko kwamfuta ce ta cike giɓin da hasashe, kuma yaushe. Nauyin bayanan ma ba ƙarami ba ne. Ɗigo 10 a murabba'in mita a kan birni mai murabba'in kilomita 100 ɗigo biliyan ɗaya ke nan, ban da hotuna. Ana ajiye ɗigogin a tsarin LAS ko matsattsensa LAZ, awon ƙafa uku kuma sau da yawa a E57. Hukumar da ta ba da aikin tana da haƙƙin ta karɓi ɗanyen tarin ɗigo da ainihin hotuna da bayanan hanyar jirgi tare da samfurin da aka gama, domin da su ne za a iya sake gina samfurin in dabaru suka inganta ko buƙata ta canja, ba tare da an sake tayar da jirgi ba.